Kundin Funeral na Arcade Fire: Waƙoƙi goma da aka naɗa tsakanin makoki uku

Tsakanin watan Yuni na 2003 da Afrilu na 2004, wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa da ke birnin Montiriyal na ƙasar Kanada ta yi zaman makoki har sau uku. Kakar Régine Chassagne ce ta fara rasuwa. A Fabrairun 2004 kakan Win Butler da ƙaninsa Will ya bi ta, a watan Afrilu kuma wata 'yar'uwar iyayen Richard Reed Parry ta cika. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da matasan ke zirga-zirga tsakanin gidajen hayarsu da ɗakin naɗar waƙa, suna fafutukar kammala kundinsu na farko. Da aikin ya ƙare aka zo batun suna, sai suka raɗa masa Funeral, wato Jana'iza, suka kuma tsara 'yar takardar da ke cikin kwalin faifan tamkar irin wadda ake raba wa mahalarta jana'iza a coci.

Kundin ya fito ranar 14 ga Satumba, 2004. Waƙoƙi goma ne, tsawonsu bai kai minti 50 ba. A ranar Win Butler yana da shekara 24, Will yana da 21, Régine, wadda Win ya aura a 2003, tana da 28. In ban da masu yawon ƙananan gidajen kiɗa na Montiriyal da Toranto, ba wanda ya san da zaman ƙungiyar Arcade Fire. Kafin shekara ta zagayo, David Bowie ya hau dandamali ɗaya da su a birnin Niyok.

Ga mai karatun da kunnensa ya fi sabawa da Shata ko Fela ko Burna Boy, sai an ɗan yi shimfiɗa. Kiɗan rok na Turawa bisa al'ada mutum huɗu ko biyar ke yin sa, da jita biyu, da jita mai babbar murya, da ganguna. Abin da ake kira "indi" kuwa asalinsa batun kasuwa ne: makaɗan da ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, suna cin gashin kansu ko suna hulɗa da ƙaramin kamfani. A farkon shekarun 2000 salon da ke tashe a wannan fage shi ne na The Strokes da Interpol, samarin Niyok masu tsuke baki da nuna halin ko-in-kula, kamar waƙar ma dole aka yi musu. Arcade Fire suka zo da akasin haka. Suka jibgo goge na Turawa ƙanana da manya, da akodiyon, da fiyano, da ƙahon tagulla, da garayar Turawa mai tsirkiya da yawa, da 'yan ƙarafa masu ƙara kamar ƙararrawa, kayan da aka fi gani a hannun gungun makaɗan okestira. Sannan suka buɗe maƙogwaro suna rera waƙa gaba ɗayansu, har waɗanda ba su da makirufo a gabansu.

Daga Teksas da Haiti zuwa Montiriyal

Win Butler ba ɗan Kanada ba ne. An haife shi a Kalifoniya a 1980, ya tashi a The Woodlands, wata unguwar masu hali a bayan birnin Hustan na jihar Teksas, ya yi sakandare a Phillips Exeter, ɗaya daga makarantun kwana mafi tsada a Amurka. Ya je Montiriyal ne ya shiga Jami'ar McGill, inda ya karanci nazarin addinai. Kiɗa gado ne a gidansu. Mahaifiyarsu, Liza Rey, makaɗiyar garayar Turawa ce. Kakan nasu da ya rasu kuwa shi ne Alvino Rey, wanda aka haifa a 1908, shugaban babban gungun makaɗa a zamanin kiɗan suwin, kuma yana cikin waɗanda suka fara raya jitar lantarki da ake kwantarwa a kaɗa. Lokacin da jikokin suka fitar da waƙar farko daga kundin a ƙaramin faifai, sai suka sa wani tsohon kiɗan kakan nasu a ɗaya gefen.

Labarin Régine Chassagne daban ne ƙwarai. Iyayenta 'yan Haiti ne da suka tsere daga mulkin François Duvalier, likitan da ya riƙe ƙasar daga 1957 har mutuwarsa a 1971 da ƙarfin 'yan bangarsa, Tonton Makut, sannan ya bar wa ɗansa Jean-Claude kujerar har zuwa 1986. An haife ta a Kanada, ta tashi a Saint-Lambert, tsallaken kogi daga Montiriyal, a gidan da Faransanci ne harshen yau da kullum. Tana rera waƙoƙin jaz a wani bikin baje kolin zane ne Win ya fara jin muryarta. Wannan haɗuwa ta ɗan gata daga Teksas da 'yar gudun hijira ita ce ƙashin bayan kundin, kuma ana jin ta a yadda waƙoƙin ke sauya harshe daga Ingilishi zuwa Faransanci, wani lokacin a tsakiyar baiti.

Ƙungiyar ta soma ne a 2001, kuma saura ƙiris ta mutu tun kafin ta yi rarrafe. A 2003, a daren da suke ƙaddamar da wani ƙaramin faifai da suka buga da kuɗinsu, rigima ta ɓarke a kan dandamali a gaban jama'a, wasu mambobi suka kama gabansu. Waɗanda suka rage suka sake ɗaura ɗamara da Parry, da Tim Kingsbury, da Will Butler, wanda a lokacin ɗalibi ne a wata jami'a kusa da Shikago, yana zuwa idan an yi hutu.

Shi kansa birnin ya taimaka. A ƙuri'ar raba-gardama ta 30 ga Oktoba, 1995, masu son lardin Kwibek ya ci gaba da zama cikin Kanada sun yi nasara ne da ƙyar, da kashi 50 da ɗan ɗoriya cikin ɗari. Shekarun zaman ɗar-ɗar kan makomar lardin sun sa kamfanoni da masu kuɗi da dama sun koma Toranto, lamarin da ya bar Montiriyal da tsofaffin ma'ajiyoyin kaya da gidajen haya masu araha. Matashin da ke aikin rabin yini a gidan abinci yana iya biyan haya, ya kuma samu lokacin gwajin kiɗa. A irin wannan gini ne, a unguwar Mile End, aka kafa situdiyon Hotel2Tango, wanda wasu mambobin ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor ke cikin masu shi. Nan aka naɗi Funeral daga Agustan 2003 zuwa farkon 2004, wani ɓangare kuma a ɗakin hayar Win da Régine. Howard Bilerman, injiniyan sautin wurin, shi ya naɗa, shi ne kuma ya buga ganguna, domin ba su da maganɗi na dindindin. Kuɗin da aikin ya ci, kamar yadda aka sha ruwaitowa, bai wuce dala dubu 10 ba.

Masu tsara manufofin al'adu za su lura da wani abu a nan. Kanada na da dokar da ta tilasta wa gidajen rediyo sanya kaso mai tsoka na waƙoƙin 'yan ƙasa, tana kuma da asusun tallafa wa makaɗa. Duk da haka kamfanin da ya ɗauki kundin na Amurka ne: Merge, ƙaramin kamfani a jihar Karolina ta Arewa, wanda makaɗa biyu, Mac McCaughan da Laura Ballance, suka kafa a 1989 don su buga waƙoƙinsu da na abokansu. A ganina, arahar haya ta fi kowace doka yi wa waɗannan matasa rana.

Unguwar da babu manya

Huɗu daga waƙoƙi biyar na farko suna ɗauke da kalmar "unguwa" a sunansu, an jera su da lamba ɗaya zuwa huɗu. Abin da ya haɗa su shi ne ido irin na yaro: duniyar da manya suka mutu, ko suka kasa, ko suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa suna kuka.

Ta farko, Tunnels, tana buɗewa da fiyano a hankali, kamar mai taka sawu kada ya tashi masu barci. Dusar ƙanƙara ta binne unguwa, wani yaro ya haƙa rami daga tagarsa zuwa ta yarinyar da yake so, suka gudu suka girma su kaɗai, har suka fara manta sunayen da suka sani. Kiɗan yana ƙara sauri da kaɗan-kaɗan ba tare da mai sauraro ya ankara ba, muryar Win tana hawa tana rawa, har ta kai inda take neman tsagewa. Wannan ita ce dabarar da kundin ya fi dogara da ita, a fara da raɗa a ƙare da ihu, kuma a nan ta fi yin kyau domin kunne bai riga ya gano ta ba.

Ta biyu an sa mata sunan Laika, karyar da Tarayyar Sobiyet ta harba sararin samaniya cikin kumbon Sputnik 2 a Nuwamban 1957, ba tare da wani shirin dawo da ita ba. Waƙar na magana ne kan babban wa da ya bar gida bayan rikici da mahaifi, ƙannensa suna kallo. Akodiyon ɗin Régine ne ke jan ta, da wani kaifin sauti mai kama da na bikin ƙauye a gabashin Turai.

Sai Power Out, wato ɗaukewar wuta, wadda ke da tushe a abin da ya faru da gaske. A makon farko na Janairun 1998 aka yi kwanaki ana ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu. Nauyin ƙanƙarar ya durƙusar da manyan turakun lantarki na ƙarfe kusan dubu, miliyoyin mutane a Kwibek da gabashin Ontariyo suka shiga duhu a tsakiyar hunturu, wasu har makonni, gwamnatin tarayya ta tura sojoji fiye da dubu 15. Mazaunin Kubwa ko Nyanya zai iya murmusawa jin cewa an yi waƙa sukutum don an ɗauke wuta. To amma a can, inda da lantarki ake ɗumama gidaje kuma sanyi na daskarar da ruwa a famfo, rashin wuta na kisa, kuma ya kashe mutane a wancan makon. Waƙar ta mayar da duhun wani abu da ya fi na waya: yara a waje cikin sanyi suna neman haske, manya kuma zukatansu sun riga sun daskare. Ita ce mafi zafi a kundin, ganguna kamar ana koro mutum.

Ta huɗun, 7 Kettles, mai taushi ce, har ana jin fiton butocin shayi na gaske a bayanta. A nan kundin ya ɗan yi sanyin jiki, kuma ba laifi ba ne a ce ita ce mafi rauni.

Wake Up ita ce wadda duniya ta fi sani. Amshinta ba shi da kalma ko ɗaya, wasali ne kawai ake ja da murya, dukkan mambobi a tare. Saboda haka ɗan Japan da ɗan Barazil suna iya rera ta ba tare da sun ji Ingilishi ba, kuma abin da ya faru ke nan a filayen wasa. U2 sun riƙa sa ta a lasifika kafin su fito dandamali a rangadinsu na 2005. Maganar da ke cikinta kuwa ba ta farin ciki ba ce: babba ne ke gargaɗin yara cewa girma na busar da zuciya. Rebellion, wadda ke kusa da ƙarshe, ta ɗauki ƙaryar da iyaye ke yi wa yara don su kwanta barci ta mayar da ita tambaya kan duk abin da manya ke faɗa.

Waƙoƙi biyu da Régine ta ja gaba su ne suka hana kundin zama kukan 'ya'yan gata. Haïti tana da kiɗa mai sanyi da ke sa mutum gyaɗa kai, kamar waƙar bakin teku. Sai wanda ya saurari baitocin da kyau zai gane cewa maganar kaburburan da ba su da alama ake yi, da dangin da ba a bari aka haifa ba, an kuma ambaci sunan Duvalier ƙarara. Régine na yi wa ƙasar da iyayenta suka baro waƙa ne da murya siririya irin ta yarinya, kuma wannan saɓani tsakanin daɗin kiɗa da ɗacin magana ya fi kowane ihu da ke kundin ratsa jiki. In the Backseat, wadda ta rufe kundin, hoto ɗaya ta riƙe: natsuwar zama a kujerar baya ta mota, inda wani ke tuƙi, kai kuwa sai kallon hanya. Idan manya suka ƙare, dole ka koma gaba ka kama sitiyari. Duk wanda ya wayi gari shi ne babba a gidansu, ana kawo masa takardar kuɗin makarantar ƙanne da ta asibiti, ya san wannan ba tare da an fassara masa ba. Muryarta na hawa har ta zama kururuwa, sannan kayan kiɗan su janye ɗaya bayan ɗaya, a bar goge kaɗai, aikin Sarah Neufeld da Owen Pallett, waɗanda suka tsara sautin gogen kundin.

Kundin na da aibunsa. Sautin ya cakuɗe a wurare da dama, kayan kiɗa na danne juna. Win ba gwanin murya ba ne, yakan kauce wa layi. Wasu baitocin kuma tunanin ɗan aji shida ne da aka sa wa babbar riga. Sai dai da an goge waɗannan duka an gyara, da abin da ya rage bai kai haka ba, domin ƙarfinsa na cikin jin cewa mutanen nan suna yin abin da ya ɗan fi ƙarfinsu, suna kuma yi da gaske.

Maki 9.7

Ba rediyo ko talabijin ba ne suka ɗaga Funeral. Kwanaki kaɗan kafin fitowarsa, Pitchfork, mujallar kiɗa ta intanet da a lokacin ke Shikago, ta buga sharhin wani matashin marubuci, David Moore, ta ba kundin maki 9.7 cikin 10. A wancan lokaci babu YouTube, Facebook kuma bai fita daga jami'o'in Amurka ba, amma ɗaliban da ke neman sabon kiɗa suna buɗe Pitchfork kowace safiya. Faya-fayan da Merge ya buga suka ƙare a shaguna, kamfanin ya koma yana rige-rigen buga wasu. Shi ne kundin Merge na farko da ya shiga jerin 200 na Billboard, daga baya kuma cinikinsa a Amurka ya haura rabin miliyan. Masu nazarin kasuwar kiɗa har yau suna kawo wannan a matsayin lokacin da ya tabbata cewa sharhi a intanet na iya yin abin da a da sai babban kamfani mai kasafin talla.

Abin da sharhi ya fara, wasan dandamali ya ƙarasa. Sukan fito cikin baƙaƙen kaya kamar masu zuwa ta'aziyya, suna musayar kayan kiɗa daga waƙa zuwa waƙa. Parry da Will Butler sukan sa hular kwano ta babur suna bugun kawunan juna da sandar ganga, su bugi bango, su bugi ƙasa. Wani lokaci ƙungiyar kan sauko ta ratsa cikin jama'a tana kiɗa har waje. A 2005 David Byrne na Talking Heads ya yi waƙa da su a Niyok, mujallar Time ta Kanada ta sa su a bangonta, a watan Satumba kuma Bowie ya rera Wake Up tare da su a zauren Radio City. Wannan na cikin fitowarsa ta ƙarshe-ƙarshe a gaban jama'a, domin tun ciwon zuciyar da ya same shi a 2004 ya janye jiki. An sa kundin a takarar Grammy ta 2006, The White Stripes suka lashe.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Suka sayi wani tsohon coci a garin Farnham suka mayar da shi situdiyo, suka fitar da Neon Bible a 2007. Kundinsu na uku, The Suburbs, ya lashe babbar kyautar Grammy a Fabrairun 2011, ya kayar da Eminem da Lady Gaga da Katy Perry, har Amurkawa da yawa suka kwana suna tambayar su wane ne waɗannan. Haiti ma ba a bar ta a waƙa kawai ba. Ƙungiyar ta riƙa ware dala ɗaya daga kowane tikiti ga ƙungiyar lafiya ta Partners In Health, a 2010 kuma, shekarar girgizar ƙasar 12 ga Janairu, Régine ta haɗu da Dominique Anglade suka kafa gidauniyar KANPE.

Gadon da kundin ya bar wa kiɗa kuwa ruwa biyu ne. Ya buɗe wa makaɗan rok ƙofar ɗaukar goge da ƙaho ba tare da jin kunya ba. Amma ya kuma haifi shekara goma na ƙungiyoyi masu buga ƙafa da tafi da jan wasali a amshi, irin su The Lumineers da Of Monsters and Men, har salon ya zama kiɗan tallar mota da na banki. Masu kwaikwayon sun ɗauki amshin, suka bar makokin da ya sa aka yi shi.

Akwai kuma abin da ba ya tsallakuwa. A Agustan 2022, Pitchfork ɗin nan da ta ɗaga su ta buga rahoton mutum huɗu da suka zargi Win Butler da cin zarafi ta fuskar lalata tsakanin 2016 da 2020, lokacin da shekarunsu ke tsakanin 18 da 23. Butler ya amsa cewa ya yi hulɗa da su a wajen aurensa, ya ce da yardarsu aka yi, ya musanta tilasta wa kowa. Régine ta fito ta mara masa baya. Mawaƙiya Feist, wadda ke buɗe musu wasa a rangadin Turai, ta janye bayan dare biyu a Dablin, Beck ma ya fasa bin su zagayen Amurka. Ga masoya da yawa abin ya yi ciwo na musamman, domin wannan ƙungiya ta gina sunanta ne a kan tsarkin niyya da kuma gargaɗin yara game da ƙaryar manya. Wasu sun daina sauraro ɗungurungum. Wasu na cewa kundin aikin mutum fiye da goma ne, kuma waƙoƙinsa biyu mafi nauyi ba muryar Win ke ɗauke da su ba. Kowane ɓangare na da hujjarsa, mai sauraro kuma shi zai yanke wa kunnensa.

Mujallar Rolling Stone ta sa Funeral a matsayi na 151 cikin kundaye 500 mafi daraja a jerinta na 2012. Da ta sake jerin a 2020, sai ya sauko zuwa na 500, na ƙarshe cif. A 2024, da kundin ya cika shekara 20, ƙungiyar ta buga shi daga farko har ƙarshe a wasu dandamali, ciki har da zauren Brixton a Landan. Will Butler bai cikinsu, domin ya bar ƙungiyar tun ƙarshen 2021. Ita ma Pitchfork, wadda kamfanin Condé Nast ya saya a 2015, a farkon 2024 aka sallami ma'aikatanta da dama aka mayar da ita ƙarƙashin mujallar GQ.